Ajiyar Fina-finai a Gida: Faifai da Rumbun NAS

Mai tarin fina-finai a gida yana da hanya biyu ta adana su. Ta farko ita ce wadda aka saba da ita: faifai a cikin kwalinsa, a jere a kanta ko a cikin kabad, in an tashi kallo a zaro shi a saka a na'ura. Ta biyu kuwa ita ce a kwashe abin da ke cikin faya-fayan a zuba shi a wata 'yar akwati mai ɗauke da had-dis, a jona ta da rautar gidan, ta yadda talabijin da waya da kwamfuta duk za su iya jawo fim daga cikinta ba tare da an taɓa faifai ba. A kasuwa ana kiran wannan akwati NAS. A nan za a riƙa ce mata rumbu, domin aikinta ke nan: a tara a wuri guda, kowa a gidan ya ɗebi abin da yake so.

Faya-fayan fim iri huɗu ne, kuma girman abin da kowanne yake ɗauka shi ne tushen duk lissafin da za a yi daga baya. VCD, wanda ya fito a 1993 kuma a kansa aka sayar da fina-finan Hausa masu yawa bayan zamanin kaset, faifan CD ne mai ɗaukar kusan megabayit 700, wato fim na minti 74 zuwa 80. Shi ya sa dogon fim yake zuwa a faifai biyu. DVD ya fara fitowa a Japan a 1996, yana ɗaukar gigabayit 4.7 in mai shimfiɗa ɗaya ne, ko 8.5 in mai biyu ne. Blu-ray ya zo a 2006 da gigabayit 25 ko 50, sai na 4K a 2016 wanda yake kaiwa gigabayit 100. Akwai kuma ƙaidin yanki da kamfanonin fim suke sa wa faifai: yawancin Afirka tana yanki na 5 a tsarin DVD, tana yankin B a tsarin Blu-ray, don haka faifan da aka sayo daga Amurka yana iya ƙin yi a na'urar da aka kulle wa wani yanki. Faifan 4K ba shi da wannan ƙaidin.

Abin da ya fi iri muhimmanci shi ne yadda aka yi faifan. Akwai na masana'anta, wanda aka buga bayanansa da tambari a jikin roba aka rufe da siririn ƙarfe; bayansa fari ne tas kamar azurfa. Akwai kuma wanda aka ƙona a kwamfuta, irin wanda mai ɗaukar bidiyon biki yake miƙa wa ango bayan mako biyu. Shi wannan rini ne a cikinsa, hasken leza ya ƙona shi ɗigo-ɗigo, kuma bayansa yakan yi shunayya ko shuɗi ko kore-kore. Rini yana ƙoƙewa. Zafi da hasken rana da laima suna cin sa a hankali, har wata rana na'ura ta yi ta juya faifan tana ƙugi ba ta nuna komai ba. Faifan masana'anta da aka kula da shi yana iya yin shekaru masu yawa lafiya, amma ƙonanne mai araha ba a ba shi amana. Abin takaici, a kan irin wannan ne ake samun abin da ba shi da madadi: ɗaurin aure, suna, walimar sauka, hoton dattijon da ya riga mu gidan gaskiya yana magana yana dariya.

Ana gane faifan da ya fara mutuwa in aka ɗaga shi saitin fitila aka duba ta baya. In haske yana ratsowa ta ƙananan huji kamar an tsira allura, ko gefensa ya yi ruwan tagulla, ko an ga wani tabo kamar ruwa ya shiga tsakanin roba biyun, to ƙarfen cikin ya fara lalacewa, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ƙarzuwa kuwa ta danganta da irin faifan. Bayanan CD da VCD suna kwance dab da fuskar da ake rubutu a kai, saboda haka ƙarzuwar sama ta fi ta ƙasa illa, kuma rubuta suna da biro mai tsini a kansa ɓarna ce. Na DVD suna tsakiyar roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowacce, shi ya sa ya fi jure wahala. In za a goge faifai, ana sa ƙyalle mai laushi a ja daga hujin tsakiya zuwa baki a miƙe, kamar ana zana hasken rana. Goge shi a kewaye yana jawo ƙarzuwa ta bi layin bayanan, kuma irin wannan ƙarzuwar ce na'ura ba ta iya tsallakewa. Ana riƙe shi ta gefe da hujin tsakiya, a ajiye shi a tsaye cikin kwali, a ɗaki mai inuwa, nesa da taga da kan talabijin da cikin mota.

Alherin faifai a bayyane yake. Ba ya cin wuta in yana ajiye, ba ruwansa da intanet, kuma in ɗaya ya lalace fim ɗaya aka rasa. Matsalarsa ita ce na'urorin da ke karanta shi suna ƙarewa. Kamfanin Oppo ya daina ƙera su a 2018, Samsung ya bi sahu a 2019, kuma yawancin kwamfutocin hannu na yanzu ba su zuwa da wurin saka faifai.

Rumbu kuwa ƙaramar kwamfuta ce marar allo, mai ramuka biyu ko huɗu ko fiye inda ake zura had-dis. Kamfanonin da suka yi suna a kai sun haɗa da Synology da QNAP, dukansu na ƙasar Taiwan. Wanda yake da tsohuwar kwamfutar tebur a ajiye yana iya mayar da ita rumbu da manhaja kyauta irin su TrueNAS ko OpenMediaVault, sai dai ta fi cin wuta da ƙara. Yawanci ana sayar da akwatin fanko ne, had-dis daban, kuma kuɗin had-dis ɗin yakan kai na akwatin ko ya wuce.

Kafin a saya sai a yi lissafi. Fim ɗin DVD in aka kwashe shi yadda yake yakan ci gigabayit 4 zuwa 7, na Blu-ray 20 zuwa 35, na 4K kuwa 50 zuwa 80. Mai faifan DVD 300, in aka ɗauki gigabayit 6 ga kowanne, yana buƙatar gigabayit 1,800. Mai Blu-ray 100 yana buƙatar kusan 3,000. Sannan had-dis ɗin da aka rubuta wa terabayit 4 a kwali, kwamfuta za ta nuna shi a matsayin kusan 3.6, domin masu ƙera shi suna ƙidaya da dubu-dubu, ita kuma tana ƙidaya da 1,024. Ba ha'inci ba ne, amma dole a sa shi a lissafi. Ya kamata kuma a bar sarari, domin tari ba ya tsayawa inda yake.

Had-dis ɗin rumbu daban yake da na kwamfutar ofis, an yi shi don ya juya dare da rana. Irinsu su ne IronWolf na Seagate, da Red Plus na Western Digital, da N300 na Toshiba. A duba kwali ko takardar bayani a tabbata tsarin rubutunsa CMR ne. Akwai wani tsari da ake kira SMR, inda layukan bayanai suke hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi. Yana da araha, amma yana yin nawa ƙwarai in ana rubutu mai yawa a jere, kuma a 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano an sa shi a wasu had-dis ɗin da ake sayarwa don rumbu. Had-dis ɗin gwanjo kuwa sai an duba shi da manhajar da ke karanta bayanan lafiyarsa, waɗanda ake kira SMART, a ga awa nawa ya yi yana aiki da ko ya fara samun gurɓatattun wurare.

In rumbu yana da had-dis fiye da ɗaya, ana haɗa su a tsarin da ake kira RAID. A RAID 1, had-dis biyu suna ɗauke da abu iri ɗaya, in ɗaya ya mutu ɗayan yana nan; an sayi biyu amma sararin ɗaya ake mora. A RAID 5 ana buƙatar aƙalla uku, ana rasa sararin ɗaya, kuma tsarin yana jure mutuwar ɗaya. RAID 6 yana jure mutuwar biyu. Akwai RAID 0 mai haɗa sararin duka wuri guda, wanda in ɗaya ya mutu komai ya tafi, kuma ba shi da wuri a gidan da ake son ajiya. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure mai tsada, su ɗauka tunda akwai had-dis biyu to an tsira. RAID yana kare mutum daga mutuwar had-dis kawai. In yaro ya goge folda bisa kuskure, ta gogu a duka biyun a take. In wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona akwatin, ko ɓarawo ya ɗauke shi, ko ruwa ya ci ɗakin, duka biyun sun tafi tare.

Kwashe fim daga faifai yana buƙatar na'urar karanta faifai ta waje, mai jonuwa da kwamfuta ta USB. VCD shi ne mafi sauƙi: a buɗe faifan, a shiga foldar MPEGAV, a kwafi fayil ɗin da sunansa ya ƙare da DAT, kuma manhajar VLC tana buɗe shi. DVD yana ajiye fim ɗinsa gunduwa-gunduwa a foldar VIDEO_TS. Manhajar MakeMKV tana haɗe gunduwoyin ta fitar da fayil guda na MKV ba tare da ta rage ingancin hoto ko sauti ba, kuma tana ba da damar a zaɓi harshen da ake so da rubutun fassarar da ke bi ta ƙasan allo. In faifan ya nuna jerin abubuwa da yawa, wanda ya fi tsawo yawanci shi ne fim ɗin, sauran talla ne da ƙarin bayani. Wanda sarari ya yi wa kaɗan sai ya bi da HandBrake, ita kuma ta matse fayil ɗin zuwa tsarin H.264 ko H.265, fim ɗin DVD ya dawo gigabayit 1 zuwa 2. Matsewa tana zubar da wani abu daga hoton har abada. Ga fim ɗin kasuwa wannan ba komai ba ne, amma bidiyon iyali a bar shi yadda ya fito, in ana son ƙarami don waya a yi kwafi na biyu. VCD kuwa bai kamata a matse shi ba sam, domin hotonsa ɗigo 352 ne a faɗi da 288 a tsawo, ba shi da abin da zai rage.

Akwai doka a wannan wuri. Yawancin faya-fayan kamfani suna da makulli, CSS a DVD da AACS a Blu-ray, kuma ƙasashe da dama sun hana karya shi ko da mutum ya sayi faifan da kuɗinsa. Amurka ta yi dokar haka tun 1998, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta taɓo batun. Bidiyon da mutum ya ɗauka ko ya sa aka ɗauka masa kuwa, ba wanda zai tuhume shi in ya kwashe shi. Abin da ba shi da kyau ko ta wace fuska shi ne a kwashe fim ɗin wani a riƙa tura wa jama'a ko a sayar. Satar fasaha tana cikin manyan abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifan fim a Kano, kuma gumin mutane ne ake ci.

Sunan da aka ba fayil shi ne ke sa rumbu ya zama ɗakin karatu ko ya zama juji. Kowane fim a ba shi foldarsa, da sunansa da shekararsa, misali Sholay (1975), domin manhajojin kallo da wannan suke nemo hoton bango da taƙaitaccen labari a intanet. Tsofaffin fina-finan Hausa da yawa ba su cikin waɗannan kundaye, sai mutum ya ɗauki hoton kwalin da kansa ya rubuta sunayen 'yan wasa da shekara. Wahala ce mai amfani, domin kwalin takarda yana yagewa. Bidiyon iyali a ware masa wuri daban, a fara sunan da shekara, sai wata, sai rana, sannan abin da aka yi da garin da aka yi shi. Ta haka suna jeruwa da kansu bisa tsarin lokaci.

Wajen kallo, hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe foldar rumbu ga na'urorin gida ta tsarin SMB, sai VLC ko Kodi su shiga su zaɓi fayil. Hanyar da ta fi kyan gani ita ce a ɗora wa rumbun manhajar Plex ko Jellyfin ko Emby. Waɗannan suna jera fina-finai da hotunansu, suna tuna inda aka tsaya, kuma suna ba kowa asusunsa, ta yadda yara ba za su ga abin da ba na shekarunsu ba. Jellyfin, wadda ta ɓalle daga Emby a 2018, kyauta ce gaba ɗaya kuma ba ta neman a yi rajista da wani kamfani, abin da ya sa ta dace da gidan da intanet yake zuwa yana ɗaukewa. Kallon cikin gida ba ya cin data ko kaɗan, domin fim ɗin daga rumbu yake bi ta rauta zuwa talabijin, bai fita waje ba.

In fim yana tsayawa, ɗan da'irar nan tana juyawa a tsakiyar allo, dalili ɗaya ne cikin biyu. Ko dai hanyar ta yi ƙunci, ko kuma rumbun yana fama da sauya tsarin fim ɗin. DVD bai wuce megabit 10 a daƙiƙa ba, kowace irin Wi-Fi tana ɗaukarsa. Blu-ray yana kaiwa 40 zuwa sama, na 4K kuwa yakan haura 100 a wuraren da hoto ya cika motsi. Bangon siminti yana raunana Wi-Fi sosai, musamman zangon 5 GHz mai sauri, don haka rumbu dai a jona shi da rauta da waya, kuma in da hali talabijin ma haka. Sai dai talabijin da yawa ramin wayarsu megabit 100 kawai yake ɗauka, wanda yake iya gazawa ga fim ɗin 4K da ba a matse ba. Dalili na biyu yana faruwa in talabijin ba ta gane tsarin hoton ko sautin ba: sai rumbun ya riƙa sauya fim ɗin nan take yana turawa, aikin da yake gajiyar da ƙaramar na'ura. Rumbu mai ƙwaƙwalwar Intel da ke da fasahar Quick Sync yana yin wannan cikin sauƙi. Maganin da ya fi araha shi ne a ajiye fina-finan a H.264, wanda kusan kowace na'ura take ganewa, ko a sa wa talabijin ɗin 'yar akwatin kallo ta waje.

Wuta ita ce babbar jarrabawar rumbu a ƙasar Hausa. Cikin had-dis akwai faranti masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da allura mai shawagi a kansu ba tare da ta taɓa ba. Ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu tana iya ɓata fayil ko ta rikita tsarin ajiyar duka, kuma in hakan yana faruwa sau biyar a rana ba za a daɗe ba a ji had-dis ya fara ƙas-ƙas-ƙas, sautin da ke nuna a kwashe komai yau ɗin nan. Don haka UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, wajibi ne, kuma a sayi mai jonuwa da rumbun ta USB, domin in batirinsa ya kusa ƙarewa ya sanar da rumbun ya kashe kansa cikin tsari. Rumbu mai had-dis biyu yakan ci wat 15 zuwa 25. A kan wat 20, awa 24 ta kama wat-awa 480, kusan rabin yunit a rana, kuma mai sola da inbata ya sa wannan a lissafin batirinsa. Ba dole ba ne ya kwana a kunne: yawancinsu suna da jadawalin da za a sa su tashi da la'asar su kwanta da tsakar dare. Zafi da ƙura su ne na biyu. Had-dis ya fi son ya zauna ƙasa da digiri 40, alhali a watan Afrilu ɗakin kansa yakan kusa haka, don haka ba a kulle rumbu a kabad ko a ajiye shi kusa da inbata. A ɗora shi a kan tebur inda iska ke ratsawa, in hunturu ya wuce a kashe shi a busa ƙurar da ta toshe fankarsa.

Rumbun da aka buɗe wa ƙofa zuwa intanet don a riƙa kallo daga nesa yana cikin haɗari. A 2022 wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt ta kulle fayilolin dubban masu rumbun QNAP da Asustor, aka nemi su biya fansa. A sauya kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita, a riƙa sabunta manhajarsa, a kashe UPnP a rauta, in kuma lallai ana son shiga daga waje a bi ta VPN irin su WireGuard ko Tailscale.

Ƙa'idar da masu ajiyar bayanai suke bi ita ce kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida daban. Ga fim ɗin kasuwa, faifan asali shi ne kwafi na biyu, shi ya sa sayar da faya-fayai ko zubar da su bayan an kwashe kuskure ne. Ga bidiyon iyali kuwa sai an ƙara da had-dis na waje, a kwafa a cire shi daga wuta, a kai gidan wani ɗan'uwa, a riƙa karɓo shi lokaci-lokaci ana ƙara sababbi ana buɗe tsofaffi a ga suna yi.

Aikin kwashewa yana cin makonni, saboda haka a fara da abin da ya fi kusa da halaka: ƙonannun faya-fayan iyali, sai tsofaffin VCD na Hausa waɗanda ba a ƙara buga su, sannan faya-fayan masana'anta. In akwai kaset ɗin VHS a gidan, shi ne gaba da kowa. Ana kwashe shi da na'urar bidiyo mai lafiya da 'yar na'urar USB mai karɓar wayoyin nan rawaya da fari da ja, kuma kaset na awa uku sai ya ci awa uku cif, ba a gaggauta shi. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016, don haka duk wadda za a samu yau a wajen mai gyara tsohuwa ce.